Yadda Ake Zagaya Tsohon Birnin Susa Na Tunisiya A Yini Guda

Susa gari ne na bakin Bahar Rum a gabashin Tunisiya, kimanin kilomita 140 kudu da birnin Tunis. A shekarun da na yi ina karatu a ƙasar, duk baƙon da ya zo mana daga gida, ɗan kasuwa ne ko malami ko wanda ya rako mara lafiya, ni ake haɗa shi da ni in kai shi. Wasu sun dawo bakinsu bai rufu ba saboda labari. Wasu kuwa darduma da ciwon ƙafa kawai suka dawo da su. Tsohon birnin ƙarami ne, zagayen ganuwarsa bai wuce kilomita biyu da 'yan kai ba, amma kasuwa ta cika cikinsa, kuma wanda ya fara da kasuwa ta cinye masa yini.

Kafin ka taka ƙafa, riƙe abu ɗaya: waɗanda suka gina wannan birni yaƙi suke jira daga teku. Sarakunan Banu Aglab, da suka yi mulki daga 800 zuwa 909, babban birninsu Ƙairawan ne, can cikin tudu. Susa ce tashar jiragen ruwansu, ita ce kuma ƙofar da abokin gaba zai fara bugawa. In ka shiga da wannan a ranka, kowane gini zai faɗa maka dalilin da ya sa aka yi shi haka.

Abin da za ka tanada

- Fasfo, da kwafinsa a takarda har da shafin da aka buga maka hatimin shiga. Mai fasfon Najeriya sai ya nemi biza tun daga gida. 'Yan sanda suna tsayar da baƙar fata su tambayi takardu saboda maganar bakin haure, don haka ka haɗa da takardar otal ɗinka. 
- Takalmi mai roba a ƙasa. Duwatsun lungunan sun sha tafiya shekara da shekaru, sun yi santsi. Takalmin fata mai sulɓi ko silifa za su ba ka kunya.
- Dinari a hannu, ƙanana. Masu sayar da tikiti da 'yan tasi ba su cika samun canji ba. Dinari ɗaya milim 1,000 ne, saboda haka in ka ga an rubuta 5.500 a kan kaya, dinari biyar da rabi ake nufi. Duk inda ka yi canji, adana rasit.
- Gorar ruwa, da mahaɗin caji mai ƙafa biyu zagayayyu. Filoginmu mai ƙafa uku ba ya shiga bangonsu. Ɗan Nijar bai da wannan matsala.
- Kalmomi kaɗan na Larabcin gari: "aslama" gaisuwa, "ƙaddash" nawa ne, "ya'ishek" na gode, "win" ina. Larabcin littafi yana aiki, za su yi murmushi amma za su gane. Faransanci ya fi Turancin Ingilishi amfani nesa ba kusa ba.

Jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi, bar shi a gida, ana ƙwace shi tun a filin jirgi.

1. Zaɓi wata da rana

Daga Maris zuwa Mayu, ko Oktoba da Nuwamba. Yuli da Agusta akwai zafi mai gumi irin na bakin teku, ga cunkoson 'yan hutu. Disamba zuwa Fabrairu kuma ruwan sama da iska mai shiga ƙashi. Kauce wa Litinin, domin gidajen tarihi da dama a Tunisiya ranar suke hutu. Juma'a tana da daɗi in kana son sallah cikin jama'a, sai dai shaguna da yawa suna rufewa da rana. A watan azumi ana tashi da wuri, to ka gama duk wurin da ake sayen tikiti kafin azahar.

2. Isa garin da hantsi

Daga Tunis hanya biyu ce. Jirgin ƙasa yana tashi daga babbar tashar da ke Dandalin Barsalona, tafiyar awa biyu da wani abu, kuma tashar Susa ba ta da nisa da ganuwa, da ƙafa ma za ka ƙarasa. Sai dai ka tambaya da kyau lokacin yankar tikiti: wasu jiragen da ke wucewa kudu zuwa Safaƙus ba sa shiga cikin gari, a Ƙala'a Sagira suke ajiye mutane, daga nan sai ka nemi tasi.

In jirgi ya wuce ka, akwai "luwaj", farar bas mai jan layi a jiki, mai cin mutum takwas. Tsarinta irin na tasharmu ne, sai ta cika take tashi. A Tunis tashar Munsif Bay ake hawa. Tasharta ta Susa tana gefen gari, dole ka ɗauki tasi. Tasin rawaya ce, tana da mita, ka ce a kunna. Fitilar gaban gilashinta kuma a juye take da abin da ka saba: ja na nufin babu kowa, kore na nufin da fasinja. Na taɓa barin tasi wajen biyar suka wuce ni a ranar farko ina jiran mai kore.

3. Tsaya a Dandalin Shahidai ka gane gabas da yamma

Ce wa direba ya sauke ka a bakin "madina", wato tsohon birnin, ta wajen tashar jiragen ruwa. Za ka ga ganuwa ta zo ta yanke, fili ya buɗe. A nan Ƙofar Teku take a da, wadda jirage suke bi su shiga matsayarsu ta cikin birni. Bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu ne suka rushe wannan kusurwa, aka bar ta a buɗe.

Ka ba teku baya ka kalli birnin. Ƙasa tana hawa daga inda kake zuwa yamma, har can ƙarshen tudu inda wata doguwar hasumiya take. Wannan ita ce taswirarka ta yini duka. Duk lokacin da lungu ya rikita ka, bi gangare, zai dawo da kai bakin teku. Taswirar waya tana ruɗewa a cikin rufaffiyar kasuwa, gangare kuwa ba ya ƙarya.

A nan ne kuma masu cewa "ni ma'aikacin otal ɗinka ne, ba ka gane ni ba?" suke tsayawa, ko su ce yau ce ranar ƙarshe ta baje kolin darduma. Shago za a kai ka, mai kai ka kuma yana da kamashonsa. Ka ce "ya'ishek" kana tafiya, kada ka tsaya bayani.

4. Ribaɗi, kuma ka fara da hawa hasumiya

Kalmar ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe. Wanda ya san yadda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna ribaɗi a Wurno ya san manufar: mazauni a bakin iyaka, inda mutane suke haɗa gadi da ibada da karatu. Na Susa iyakarsa teku ce. Ginin dutse ne murabba'i, kowane gefe kimanin mita 38, an soma shi a ƙarshen ƙarni na 8, sannan sarki Ziyadatullahi na Ɗaya ya kammala shi da hasumiyarsa a 821, wato 206 bayan hijira.

Kada ka yi saurin wuce ƙofa. Ita kaɗai ce mashiga. Ginshiƙan da ke gefenta ba na Musulmi ba ne asali, daga kangayen Rumawa aka ciro su aka sake amfani da su, in ka duba kawunansu za ka ga sassaƙar ganye. Yanzu ɗaga kai a cikin zauren. Akwai dogayen tsagogi a rufin. Ta nan masu gadi suke sako wa wanda ya kutso duwatsu da duk abin da ya samu. Baƙi goma za su wuce a ƙarƙashinsu, da ƙyar ɗaya ya duba sama.

Wuce tsakar gida kai tsaye ka nemi matakalar hasumiya, tun kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su sauke mutanensu. Tsawonta wajen mita 27 ne, matakalar a murɗe take, mutum ɗaya take ci, wasu wurare da duhu. Kunna fitilar waya, ka yi gyaran murya ko sallama kafin kowace kwana, domin in kun haɗu da mai saukowa dole ɗaya ya koma. In babbar riga ka sa, naɗe ta a kafaɗa tun daga ƙasa. Hula kuma cire ta ka sa a aljihu. Wani dattijo da na raka ya ƙi jin wannan, muna fitowa sama iska ta ɗauke masa zanna bukar, muna kallo ta sauka a rufin wani gida.

A sama ka ɗauki minti ashirin. Gabas ga tashar jiragen ruwa da teku shimfiɗe. Ƙasa da kai kaɗan ga harabar Babban Masallaci kamar a tafin hannu. Kudu maso yamma, a ƙololuwar tudu, ga Hasumiyar Khalaf. Kusa da kai ta yamma ga wata siririyar hasumiya mai kusurwa takwas, ta Zawiyar Zaƙƙaƙ, ginin zamanin Turkawa, wadda da gani ka san ba tsarar sauran ba ce. Daga irin wurin da kake tsaye masu gadi suke kunna wuta da dare ko su tayar da hayaƙi da rana, ribaɗin gaba ya gani ya isar wa na gabansa.

Daga wannan gaɓa ce kuma rundunar da ta tafi tsibirin Siƙiliya ta tashi a 827. Shugabanta ba sojan haya ba ne, alƙalin Ƙairawan ne, Asadu ɗan Furatu, wanda ya yi karatu a gaban Imamu Malik a Madina, kuma a lokacin ya kusa shekara saba'in. Tambayoyin fiƙihun da ya tattara su ne tushen da Imamu Sahnun ya gina Mudawwana, babban littafin fiƙihun Malikiyya, a kai. Bai dawo ba, ya rasu a 828 yana kewaye da birnin Sirakusa. In kana tare da almajirin fiƙihu, a nan za ka ga ya yi shiru.

Da ka sauko, tsaya a bene na farko ta gefen ƙofa. Akwai dogon ɗaki mai bakuna a jere, masallacin mazauna ribaɗin ne, yana cikin mafi tsufa da suka rage a arewacin Afirka. Dubi bangon alƙibla: ga mihirabi, ga kuma 'yan tagogi tsukakku na harba kibiya a bango guda. Mutum yana sahu, in an yi kururuwa taku biyu zai yi ya kama baka.

Wanda gwiwa ba ta barinsa hawa, ya tsaya a rufin benen, ana ganin rabin abin daga nan.

5. Babban Masallaci

Taku kaɗan ne daga ribaɗi. Sarki Abul Abbas Muhammadu ya gina shi a 851. Daga waje za ka rantse gidan soja ne: bango mai kauri, haƙora a samansa, hasumiyoyin gadi zagayayyu a kusurwa. Ba shi da doguwar hasumiyar kiran sallah, tunda ga ta ribaɗi a maƙwabta. Yana dab da tsohuwar matsayar jirage, don haka shi ma an ɗora masa nasa rabon gadin.

Da safe ana buɗe haraba ga masu ziyara da tikiti. Ɗakin sallah kuwa sai lokacin sallah, kuma masallatan Tunisiya da yawa ana kulle su tsakanin salloli. Dabarar ita ce ka ga haraba da hantsi, ka dawo azahar ko la'asar ka yi sallah a ciki. A harabar, bi saman bakuna da ido, akwai layin rubutun Kufi da aka sassaƙa a dutse yana zagayawa, babu ɗigo babu wasali. Wanda ya yi allo da rubutun warshu zai iya tsinto kalmomi in ya natsu.

Wani abu da ke rikita mutanenmu: mu gabas muke cewa alƙibla, a nan kuwa mihiraban tsofaffin masallatai sun karkata kudu, har ƙofar kudu ta birnin sunanta Babul Ƙibli. Bi mihirabi da sahun mutanen gari, kada ka tsaya gardama da waya a hannu. Malikawa ne kamarmu, ba za ka ji baƙunta ba.

6. Ratsa kasuwa, hannu a aljihu

Yanzu shiga cikin birni, amma da sharaɗi: ba sayayya sai yamma. Kaya a hannu da hawan tudu ba sa haɗuwa. Tambayi Suƙur Riba, rufaffiyar kasuwa ta tsakiya. A wani lungu kusa da ita akwai ginin da ake kira Ƙubba, mai tulluwa da aka yi wa zane mai lanƙwasa kamar kitso, tun wajen ƙarni na 11 zuwa na 12. Daga titi ake ganinta, sai ka ɗan ja baya ka ɗaga kai. Cikin gidan an jera gumakan nuna al'adun aure da sana'o'i, in lokaci ya ƙure ba ka yi asara ba.

Ci gaba kudu ka nemi masallacin Bu Fatata, kusa da Babul Ƙibli. Ɗan ƙarami ne, bai fi babban ɗaki ba, an gina shi tsakanin 838 da 841, wato ya girmi Babban Masallaci. Sau da yawa a rufe za ka same shi. Rubutun Kufin da ke goshinsa shi ne abin gani, kuma a waje yake.

7. Gidan tarihi na Ƙasba

Ga kuskuren da ya fi cin ƙafar mutane. Ƙasba, wato sansanin da ke ƙololuwar tudu, a kusurwar ganuwa take, sai mutum ya ɗauka ta cikin birni zai shiga. Ya yi ta hawa yana haki, ya tarar da bango. Ƙofar gidan tarihin ta wajen ganuwa take. In kana Bu Fatata, fita ta Babul Ƙibli ka yi dama, ka bi jikin ganuwa ka hau. In kana tsakiyar kasuwa, fita ta Babul Garbi ka yi hagu. Tafiyar ma riba ce, domin a nan ake ganin ganuwar da aka gina a 859 da kyau, tsafta, ba shaguna a jikinta. Hasumiyar Khalaf, mai tsawon mita 30, ita ma ta shekarar ce. Yanzu fitilar jiragen ruwa ce, ba a hawa.

Abin da ke ciki ya girmi duk abin da ka gani da safe. Kafin Susa akwai Hadrumetum, garin da Finikiyawa suka kafa, inda Hannibal na Kartaj ya fake bayan Rumawa sun ci shi da yaƙi a Zama, shekara 202 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Daga baya ya zama garin Rumawa mai arzikin man zaitun da alkama, attajiransa suka riƙa shimfiɗa wa ɗakunansu daɓe na 'yan mitsi-mitsin duwatsu masu launi, ana jera su har su zama hoto. In ka cire gidan tarihin Bardo na Tunis, babu inda aka tara irin wannan daɓe a ƙasar kamar nan.

Ba za ka iya kallon duka da natsuwa ba, zaɓi kaɗan. Ni wanda nake kai kowa gabansa shi ne na Magiriyus, da aka tono a ƙauyen Smirat, aikin ƙarni na 3. Mafarauta huɗu ne suke fafatawa da damisa huɗu a filin wasa, kowace damisa an rubuta sunanta. A tsakiya ga yaro riƙe da faranti, jakar kuɗi huɗu a kai. Rubutun da ke gefensa yana cewa mai shela ya roƙi a biya dinarin Rumawa 500 kan kowace damisa, sai attajirin ya ninka, jama'a suka ɗauki kirarinsa. Mutumin ya sa an shimfiɗa labarin kyautarsa a daɓen gidansa don kowane baƙo ya karanta. Wanda ya taɓa zuwa gidan dambe ya ga mai kuɗi yana liƙi maroƙa suna wasa shi, ba ya buƙatar tafinta.

Bayan shi nemi kan Medusa mai gashin macizai, da kwamin wankan baftisma na Kiristoci da aka kawo daga Baƙalta, wanda aka lulluɓe ciki da bai da tsuntsaye da furanni, da kuma duwatsun hadaya na Finikiyawa. Sanannen hoton mawaƙin Rumawa Virgil a Susa aka tono shi a 1896, amma yana Bardo, kada ka wahalar da mai gadi da tambaya. Hotunan gumakan Rumawa da yawa ba sutura, in kana tare da iyali ko malaminka ka faɗa musu tun a ƙofa. Awa ɗaya da rabi ta isa.

Akwai kuma maƙabartar Kiristocin farko ta ƙarƙashin ƙasa a yammacin gari, ramuka masu tsawon fiye da kilomita 5 da kaburbura wajen 15,000. Ana yawan rufe ta. Tambayi masu tikitin gidan tarihi kafin ka biya tasi.

8. Ci abinci, sannan ciniki

Gangaro ka nemi inda 'yan gari suke ci, ba inda aka kafa allon hotunan abinci da harsuna huɗu ba. Kuskus da kifi shi ne na bakin teku. In kuɗi sun yi ƙasa, lablabi: wake ne mai romo a kan gutsattsarin burodi, da harisa (kwaɓaɓɓen yajin barkono) da man zaitun, yana riƙe ciki har dare. Birik kuma soyayyen ɓawo ne da ƙwai ruwa-ruwa a ciki, ka sunkuya kafin ka ciza, in ba haka ba rigarka ce za ta sha.

Yanzu ka saki aljihu. A Susa aka binne Yahaya ɗan Umar, almajirin Sahnun, wanda ya rasu a 289 bayan hijira, kuma littafinsa na hukunce-hukuncen kasuwa yana cikin na farko a fannin. Wannan bai hana ɗan kasuwar yau ninka maka farashi ba. Kafin ka taya komai, leƙa ɗaya daga manyan shagunan da ke bakin Dandalin Shahidai masu farashi a rubuce, ka ga kuɗin tangaran da jakar fata da akushin itacen zaitun, sannan ka shiga lungu da sanin inda za ka tsaya. Kada ka taya abin da ba ka da niyyar saya. In an nuna maka tsohon kuɗi ko fitilar yumɓu aka ce na Rumawa ne, wuce: in jabu ne ka yi asara, in na gaske ne fitar da shi daga ƙasar laifi ne.

9. In kana da kwana na biyu

Daga tashar Babul Jadid, a jikin ganuwa ta gefen teku, akwai ƙaramin jirgin ƙasa mai zuwa Munastir da Mahdiyya. Munastir tana da ribaɗin da ya fi na Susa girma, wanda Harsama ɗan A'ayan ya kafa a 796, ga kuma kabarin Imamu Maziri a maƙabartar da ke gefensa. In kuwa ɗaya za ka zaɓa, hau luwaj zuwa Ƙairawan, tafiyar kamar awa ɗaya, ka ga masallacin Uƙba ɗan Nafi'u da kabarin Ibnu Abi Zaid mai Risala. Ka fita da sassafe, domin motocin dawowa suna ƙaranci bayan la'asar.

Ranar barin ƙasar, kada ka wuce jami'an filin jirgi da dinari a aljihu, doka ta hana fita da shi. Mayar da abin da ya rage a bankin filin jirgi kafin ka shiga layin hatimi. A nan za a tambaye ka rasit ɗin canjin nan da na ce ka adana.